Kwas ɗin sadarwar kwamfutoci ko na OOP: wanda ya ciyar da ni da wanda na yi asara a kai

Ƙanina, tunda kwas ɗaya kawai aljihunka zai ɗauka a wannan zangon, tsakanin na sadarwar kwamfutoci da na OOP, wato wani tsarin rubuta manhaja, ɗauki na sadarwa. Duka biyun na yi su ta intanet a nan Bauchi, a kan tsohuwar laftof mai RAM 4 irin taka, don haka abin da zan faɗa maka gani ne, ba ji ba.

Na sadarwar ne ya fara sa mini kuɗi a aljihu, tun ma ban kammala shi ba. Wata makarantar kuɗi ce ta wajen Yelwa, suna da ɗakin kwamfuta inda suke horar da 'yan ajin ƙarshe kan jarrabawar JAMB, tunda daga 2015 an daina zana ta a takarda. Kwamfutoci 40 ne a ɗakin, amma kullum da safe sai kusan rabinsu su ƙi ganin saba, wato babbar kwamfutar da tambayoyin ke ciki. Yau waɗannan, gobe wasu daban. An canja kebul, an sake zuba Windows a wasu, har an fara maganar sayen sabon suwic, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutocin duka ke haɗuwa a cikinsa. Wani abokina da ke koyarwa a can ya kira ni, don ya san ina karatun abin. Da fargaba na je, domin har ranar hannuna bai taɓa kama suwic na gaske ba, sai na cikin allo.

Na zauna gaban ɗaya daga cikin masu gardamar, na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, sai ga adireshinta ya fara da 192.168.0. Na koma kan wata mai lafiya, nata ya fara da 192.168.1. Nan take darasin DHCP da na yi makonni biyu kafin nan ya faɗo mini. DHCP shi ne mai raba wa kowace kwamfuta adireshi da zarar an kunna ta, kuma guda ɗaya ake so a ɗaki. In suka zama biyu, kamar masu unguwa biyu ne suke raba lambar gida a layi ɗaya: kowace kwamfuta ta karɓi na wanda ya riga amsa mata, shi ya sa matsalar take yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Na bi kebul ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga wani da ya ratsa ta taga ya shiga ofis. A can na tarar da ƙaramar rauta, na'urar raba intanet wadda ita ma take raba adireshi, da wani ya jona don ya samu waifai a wayarsa. Na shiga cikinta na kashe mata DHCP, na ce a kashe kwamfutocin a sake kunnawa. Duka 40 suka hau. Shugaban makarantar, dattijo ne mai furfura, ya kama hannuna da hannu biyu yana ta sa mini albarka, ya sa aka kawo mini ambulan. Har yau in wani abu ya samu ɗakin nan ni ake kira, kuma ta bakinsa na samu wasu makarantu biyu da wani ƙaramin asibiti.

Abin da ya ba ni wannan ido kuwa Packet Tracer ne. Manhajar Cisco ce, kyauta suke ba duk wanda ya buɗe asusu a makarantarsu ta intanet, Cisco Networking Academy, wadda take nan tun 1997. Ko da jami'ar da kake yi wa digirin ba ta sa ta a darasi ba, ka sauke ta da kanka. Za ka jawo rauta da suwic da kwamfutoci a kan allo, ka haɗa su da kebul, ka buɗe kowace ka rubuta mata umarni kamar dai ta gaske ce a gabanka. Ka lalata, ka gyara, babu abin da zai ƙone. Sannan ga abin da ya fi damun mu a nan: in ka sauke ta sau ɗaya, yawancin aikin ba ya cin data, sai dai lokaci-lokaci ta nemi ka shiga da asusunka. Dare nawa aka ɗauke wuta na ci gaba da aiki a kan batir, ina haɗa rassan wani kamfani na ƙirƙira, ɗaya a Bauchi, ɗaya a Azare, ɗaya a Gombe, har sai ping, ɗan saƙon gwajin da ake turawa don a ga ko hanya ta haɗu, ya tashi daga nan ya dawo daga can. Daɗin da na ji ranar da ya fara dawowa, sai wanda ya yi zai gane.

Kada ka ɗauka babu wuya. Akwai wuri ɗaya da yake kayar da mutane, wato rarraba adireshi, abin da ake kira sabnet. Adireshin IPv4 bit 32 ne, shi ya sa duka-duka bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya, kuma dole a yi tattalinsa. In aka ba ka 192.168.1.0/24, wannan /24 ɗin girman layin yake nunawa, adireshi 256 ke nan, 254 ne za ka iya ba kwamfutoci, domin na farko sunan layin ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa. In aka ce ka raba shi gida huɗu, ya koma /26, kowane gida 64, masu amfani 62. A karance kamar wasa. A jarrabawa kuwa sai ka ga lissafin ya tsere maka. Ni maganin da na yi masa biro da takarda ne, tambaya 10 kullum bayan sallar asuba, na kusan wata guda, har ya zauna mini kamar lissafin canji a kasuwar Wunti. Sauran abubuwan, irin su matakai 7 na OSI da ake bayyana tafiyar saƙo da su, da bambancin hanyoyin aika saƙo na TCP da UDP, da yadda DNS ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, da kofofi irin 80 da 443, haddarsu ba ta da wuya in kana gwada su da hannunka. Sauke manhajar Wireshark, ita ma kyauta ce, ka buɗe shafi ɗaya kana kallon saƙonnin da ke fita da masu dawowa, za ka ga abin da littafi yake ta kewaye-kewaye a kai.

Na OOP kuwa, to, yana da amfani, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ba za ka karɓi digirin kimiyyar kwamfuta ba sai ka bi ta kansa, kuma in burinka rubuta manhajar waya ne, nan hanyar take. Tsari ne da ya samo asali daga harshen Simula a ƙasar Norway cikin shekarun 1960, Java kuma, wani harshen rubuta manhaja, ta yaɗa shi bayan fitowarta a 1995. Ma'anarsa a taƙaice: ka rubuta siffar abu sau ɗaya, a ce Keke Napep, da lambarsa da direbansa da balas ɗin da yake kawowa kullum, sannan ka fitar da keke ɗari daga wannan siffar, kowanne da nasa bayanin. Akwai gado a ciki, inda sabuwar siffa take gadar halayen tsohuwa ta ƙara nata.

Amma ni a kansa na yi asarar da har yau take yi mini ciwo. Wani na gani yana talla a Facebook, wai Java daga farko har ƙwarewa cikin mako shida, da satifiket. Na tura kuɗin da na tara na wata biyu. Abin da ya turo mini bidiyoyin wasu mutane ne da ya kwaso, wasu ma da tambarin masu su a jiki. Babu aikin gwaji, babu mai duba abin da ka rubuta, in ka yi tambaya sai bayan kwana uku a ce maka ka sake kallon bidiyon. Sannan ni kaina na shiga ban iya abubuwan farko ba, ban san yadda ake sa kwamfuta ta maimaita aiki ko ta zaɓi tsakanin abu biyu ba, sai ga shi ana yi mini bayanin gado. Wanda bai iya rarrafe ba aka ce ya yi gudu. A mako na huɗu na ajiye. Daga baya ne na gano Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland tana da kwas ɗin Java kyauta a intanet, kashi 14, da ayyukan da na'ura take duba maka nan take, kuma ba sa taɓa maganar OOP sai a kashi na 4, bayan hannunka ya faɗa. Da shi na rama. Don haka in lokacin OOP ɗinka ya zo a zango na gaba, ka fara bin wannan a hutu, kada ka ba kowa ko sisi. Ka kuma sani cewa shi ba ya kawo kuɗi da wuri. Za ka yi watanni kana rubutu kafin ka yi abin da wani zai saya, alhali mai sadarwa ana nemansa a makarantu, da cibiyoyin jarrabawa, da otal-otal, da masu kafa kyamarorin tsaro, tun yana ɗalibi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa, don kada abin da ya same ni ya same ka. Macuta sun yi yawa a harkar nan. Duk wanda ya ce zai samo maka satifiket ɗin CCNA, takardar shaidar ƙwarewa a sadarwa da Cisco ke bayarwa, ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ɓarawo ne. Jarrabawar, mai lamba 200-301, ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake yin ta, awa biyu ce, kuɗinta dala 300, kuma takardar shekara 3 take yi a sabunta. Mai ɗaukar aiki yana iya tantance ta a wurin Cisco cikin minti kaɗan, ka ga ta jabu kunya kawai za ta jawo maka. Haka masu sayar da tambayoyin da suka ce na jarrabawar ne, ko ka haddace ka ci, ranar da aka tsayar da kai gaban suwic asirinka zai tonu. Kuma kada ka rikita takardar kammala kwas da ita CCNA ɗin, abu biyu ne daban, wasu masu cibiyoyin horo da gangan suke haɗe su a talla.

Ita ma jami'ar da ke ba ka digirin ta intanet, ka duba sunanta a jerin waɗanda hukumar NUC ta amince da su kafin ka ƙara biyan wani kuɗi. In NOUN ce, babu damuwa, ta gwamnatin tarayya ce, ga cibiyarta nan Bauchi, akwai kuma a Gombe. In ta waje ce, ka bincika sosai. Ka tuna a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Akwai waɗanda suka yi karatun gaskiya da abin ya shafa, saboda ba su bincika inda suka kai kuɗinsu ba.

Sai kayan aiki. In ka fara karɓar ƙananan ayyuka za ka sayi kebul, kuma a nan ma ana cuta. Za a miƙo maka kwali an rubuta Cat6, farashi mai sauƙi, amma wayar ciki alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe. Ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka kankare waya ɗaya da wuƙa a gaban mai shagon. In fari ya bayyana, ajiye masa kayansa. Irin wannan yana karyewa a cikin bango, kuma ba ya kai mita 100 da kebul na gaske yake kaiwa lafiya. Na taɓa shimfiɗa shi a wani ofis, bayan wata uku na dawo na cire da kuɗina, don sunana ne a kan aikin. Araha ba ta ado. Laftof ɗinka kuma kada wani ya ruɗe ka cewa sai ka sayi sabuwa kafin ka fara. Taka za ta ɗauki Packet Tracer. In ka samu sarari ka ƙara mata RAM zuwa 8, ka sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ya fi maka sayen wata ta hannu da ba ka san lafiyar batirinta ba.

Je ka yi rajistar na sadarwa. Yau da dare ka buɗe asusun Cisco, ka sauke Packet Tracer, ka haɗa kwamfuta biyu da suwic ɗaya, ka ba su 192.168.1.10 da 192.168.1.11, ka buga ping daga ɗaya zuwa ɗayar. In ya ƙi dawowa, ɗauki hoton allon ka turo mini. Ranar Asabar kuma in kana gari, ka same ni bayan la'asar, ina da filayar matse kan kebul da ragowar kawunan RJ45, sai ka koyi jera wayoyi takwas ɗin nan da hannunka.