Biro, jel ko alƙalamin tawada: wanne za ka saya?

Kafin ka tambayi kuɗin alƙalami, ka fara duba takardar da za ka riƙa rubutu a kai. Yawancin littattafan rubutu da ake sayarwa a Sabon Gari da Kurmi takardarsu siririya ce mai shan ruwa, kuma ita ce za ta yanke maka hukunci.

Biro dai kowa ya san shi. Sunan ya samo asali daga László Bíró, ɗan jaridar Hangare da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, sai kamfanin Bic na Faransa ya fito da Cristal a 1950 ya cika duniya da shi. Tawadarsa mai kauri ce, da mai ake haɗa ta, shi ya sa ba ta ratsa takarda kuma ba ta yaɗuwa idan ruwa ya taɓa ta. Idan aikinka rasit ne mai kabon ko cike fom a banki, to kada ka wahalar da kanka, biro ne naka, domin sai an danna rubutu zai fito a takardar ƙasa. Dannawar nan kuma ita ce aibinsa: shafi biyar, yatsu sun fara tsami.

Na jel, wanda kamfanin Sakura na Japan ya fitar a 1984, ya fi biro santsi da duhun launi, sai dai yana saurin ƙarewa. Akwai kuma mai gogewa, irin Pilot FriXion, wanda zafi ne ke ɓatar da tawadarsa, wajen digiri 60. Ka bar littafi a gaban mota a rana irin ta Sakkwato a watan Afrilu, sai ka dawo ka tarar da shafi fari fat. Kada a sa hannu da shi a takardar fili ko ta bashi.

Alƙalamin tawada, wato mai bakin ƙarfe da ake ɗura wa tawadar ruwa (fountain pen), shi ne mai tsada da farko, mai sauƙi daga baya, tunda kwalba ɗaya ta Parker Quink ko Pelikan 4001 takan daɗe. Ba a danna shi, taɓa takarda kawai yake yi tawada ta biyo tsagar bakinsa, don haka malami ko lauya da ke wuni yana rubutu zai ji bambanci a hannunsa. Mai farawa ya nemi Jinhao ko Hero na China, ko Platinum Preppy. Idan ya ga abin ya karɓe shi, sai ya hau Lamy Safari na Jamus. A takardunmu baki siriri ya fi, mai alamar F ko EF. Mai faɗi yana zubo tawada da yawa, ta yi gashi-gashi a gefen baƙaƙe, ta kuma ɓullo ta bayan shafi. Ka kuma tambaya ko yana zuwa da ɗan famfon zuƙo tawada daga kwalba, domin Lamy da Parker kowanne da irin kwanson tawadarsa (ɗan bututun roba mai tawada da ake sakawa a ciki), kuma ba ko'ina ake samu ba.

Yana da shagwaɓa, gaskiya. Lokacin hunturu, ka bar shi a buɗe kaɗan bakin ya bushe. Lokacin bazara kuma iskar cikinsa takan kumbura ta turo tawada, don haka a aljihu baki ya dubi sama, in ba haka ba farar shadda ta shiga uku. Mai rubutun Larabci ko ajami da hannun dama, hannunsa na iya bin kan abin da ya rubuta yanzu, sai ya nemi tawada mai saurin bushewa. Haka ma bahago a rubutun boko.

Tawadar allo kuwa, wadda ake haɗawa da gawayi da ƙaro, kada ta kusanci wannan alƙalamin. Ƙaron zai daskare a hanyar tawada ya toshe ta. Ita sai alƙalamin kara da ake tsomawa. Yawancin tawadar kwalba ruwa na wanke ta, saboda haka mai rubuta abin da za a adana shekaru ya nemi wadda aka rubuta cewa ba ta jin ruwa, kamar Platinum Carbon, ya kuma riƙa ɗauraye alƙalamin da ruwa mai tsabta duk bayan 'yan makonni.