Ofishin Ƙwadago ko Kotun Ma'aikata: Ina Za Ka Bi Haƙƙinka?

Ka ajiye aiki a wani kamfani a Sharaɗa ko Bompai, amma kuɗin da aka riƙa yanka daga albashinka sun maƙale. Hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Ka rubuta ƙorafi, jami'i ya gayyaci mai kamfanin, a zauna sulhu. Ba ka buƙatar lauya. Rauninta shi ne, in mai kamfanin ya taurare, sulhu ba ya tilasta masa biya.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuwa, wadda ke da reshe a Kano, ita ce gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba wa hurumin shari'ar albashi, kuma hukuncinta dole a bi shi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita irin yankan da aka halatta, don haka alƙali zai tambayi hujjar kowace naira. Sai dai akwai kuɗin lauya, ga ɗage zama. Abin da ke damuna, ma'aikata da yawa suna zuwa hannu rabbana, ba takardar ɗaukar aiki, ba takardar albashi, ba kwafin wasiƙar murabus. Ko bayanan asusunka na banki ka ciro.

Ni dai in kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sulhu zan fara. In kuwa na fansho ne, kashi 8 cikin ɗari da aka cire daga albashinka ba a tura asusun fanshonka ba, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, za ka fara kai wa kuka.