Prosecco ko Franciacorta?

Masu aikin otal a Italiya sun sha tambayata wanne za su kai wa baƙo cikin giyoyin nan masu kumfa.

Prosecco daga yankunan Veneto da Friuli na Italiya take, ta inabin Glera. A manyan tankunan ƙarfe take tsima, dabarar da wani ɗan Italiya mai suna Martinotti ya yi wa rajista a 1895. Makonni kaɗan ta kammala, shi ya sa take da araha, amma ba ta jure dogon ajiya.

Franciacorta kuwa, ta yankin Brescia da ke arewacin Italiya, sai 1961 ta fito. A cikin kwalba take tsima, aƙalla wata 18, ana juya kwalaben sannu a hankali har dattin ya taru a wuyan kwalba. Tsada kam akwai, gaskiya.

Mai taron jama'a, Prosecco ta ishe shi. Mai ƙaramar liyafa da aljihu mai nauyi, Franciacorta.