Kafin Ki Biya Kuɗin Rumfa a Baje Kolin Asabar da Lahadi a Legas

Shekara huɗu ke nan ina haɗa turaren wuta da humra a ɗakina a Agege, kuma yawancin kwastomomina na yau a baje kolin ƙarshen mako na same su. Duk 'yar'uwar da ta tambaye ni inda za ta kai kayanta, amsata ɗaya ce: ƙananan baje kolin unguwa, irin waɗanda makarantu, masallatai da rukunin gidaje ke shiryawa a Ikeja, Surulere ko Gbagada, musamman gab da azumi da kuma dab da sallah.

Kuɗin tebur a irin waɗannan wurare ba ya taɓa uwar kuɗi, kuma masu zuwa a nan unguwar suke kwana, za su sake nemanki. A harabar wata makaranta a Surulere na taɓa hura gawayi a kasko, na barbaɗa turare kaɗan. Kafin hayaƙin ya kai tebur na uku, wata dattijuwa Bayarabiya ta tsaya ta ce, "Hajiya, a ina ake samun wannan?" Kwalba ɗaya ta saya, ta karɓi lambata. Har yau duk wata sai ta yi min magana a WhatsApp, ta kuma jawo min 'ya'yanta biyu. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne na san mai shirya taron, na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa in wani abu ya faru.

A manyan baje kolin Lekki da Victoria Island akwai masu kuɗi, amma kuɗin rumfa da na motar da za ta tsallaka da ke gadar Third Mainland da asuba sun isa su cinye ribar. Baje kolin ƙasa da ƙasa na dandalin Tafawa Balewa kuwa, wanda ake yi kwana goma a watan Nuwamba, na masu kaya katan-katan ne.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Na ga talla mai kyau a Instagram, har da hotunan taron bara. Aka ce min saura rumfa biyu, in hanzarta. Na tura naira 45,000 asusun wani mutum. Ranar Juma'a na nemi shafin na rasa. Na hau danfo, motar hayar Legas, har zauren da aka ce za a yi taron, mai gadi ya ce shi biki ya sani an kama wurin dominsa. Wallahi a bakin ƙofar nan na zauna, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Don haka ki taka da ƙafarki ki tambayi masu zauren ko da gaske an kama ranar. Ki duba sunan masu shiryawa a rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki ga ko ya yi daidai da sunan asusun. Ki nemi wadda ta yi ciniki da su a baya ku yi magana baki da baki. Ki sa a rubuta miki a rasit ko kuɗin ya haɗa da tebur, wuta da kanofi, don ruwan Yuni da Yuli a Legas ba ya sallama. In abinci kike sayarwa, ki tuna gwamnatin jiha ta hana robar soso ta zuba abinci tun Janairun 2024.

Sai alat na bogi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa taransifa yake yi, 'yan damfara kuma sun fi son lokacin da mutane suka yi miki caa. Ɗaya zai nuna miki hoton rasit a wayarsa, ɗaya yana jan hankalinki da tambayar farashi. Kada kaya su bar teburinki sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin sun shiga. Ni yanzu ƙanwata nake zaunarwa da POS a gefe, aikinta ke nan tun safe har mu kwashe kaya.