Nikon D3500 a Kan Duwatsun Shere

Na ɗauki kyamarar Nikon D3500 zuwa duwatsun Shere da ke gabashin Jos a ƙarshen damina, lokacin da ciyawa take kore shar, kuma abin da ya fara burge ni shi ne rashin nauyinta. Gangar jikinta haɗe da batir ba ta kai rabin kilo ba, abin da duk mai hawan dutse da jaka a baya yake sanin darajarsa idan rana ta take. Batirin kuwa, wanda kamfanin ya ce yana ɗaukar hoto 1,550 a caji guda, ya kai ni tun hantsi har faɗuwar rana bai nuna gajiya ba.

Hotunanta masu megafiksel 24 sun fito da tsagar duwatsu da inuwar gajimare tangaran, kuma ta wadatar da ɗan koyo irina. Allonta dai a kafe yake, don haka mai son ɗaukar furen da ke ƙasa sai ya durƙusa, ko ma ya kwanta rub da ciki. Ba a kuma yi mata kariyar ƙura ba, shi ya sa da hunturu nake barin ta cikin jaka har sai na tashi ɗauka.