Wata Takwas da Batirin Silikon na OnePlus 13

Abin da ya sa na sayi wayar OnePlus 13 shi ne batirinta, domin a unguwarmu a Kano wutar lantarki takan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Ƙarfinsa 6,000 mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), alhali OnePlus 12 da ta gabace ta 5,400 gare ta, kuma duk da wannan ƙari sabuwar ta fi tsohuwar sirantaka. Bayan wata takwas ina amfani da ita, idan na cika ta da asuba takan kai ni washegari da hantsi, ko da na wuni ina kira da karatu a intanet.

Sirrin yana ɓangaren batir da ake kira anod, wato inda sinadarin lithiyam ke taruwa yayin caji. A da girafayit (wani nau'in kabon, irin na bakin fensir) kaɗai ake zubawa a wurin, wanda giram ɗinsa bai wuce ya riƙe 372 mAh ba, shi kuwa silikon, wanda aka ƙara a batirin wannan wayar, yana iya riƙe kusan ninki goma na haka. Sai dai silikon yana da babban aibi, domin idan ya sha lithiyam ya ƙoshi yakan kumbura da kimanin kashi 300 cikin ɗari, yayin da kumburin girafayit bai wuce kashi 10 ba. Kumbura da motsewa a kowane caji suna tsattsaga ƙwayoyinsa, siririyar yanar da ke lulluɓe su ta yage ta sake tsirowa, kuma duk sabuwar yana tana cinye lithiyam da ruwan batir waɗanda ba za su dawo ba. Shi ya sa masu ƙera waya suke zuba silikon kaɗan a cikin kabon mai ƙananan ramuka, domin ya sami wurin buɗewa.

Har yanzu bayan wayata lafiya lau yake, bai tashi ba, ban kuma ga cajin ya ragu ba. Duk da haka wata takwas ya yi kaɗan a yanke hukunci, tunda wannan lalacewa a hankali take taruwa, zafi kuma yana gaggauta ta. Saboda haka na kunna tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80, kuma a lokacin bazara ba na jona ta a cikin mota da rana.