Gajimare ko uwar garke a ofis: wanne ƙaramar ƙungiyar agaji za ta ɗauka?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambayi inda ƙaramar ƙungiyarku ta agaji za ta ajiye bayananta. Tsakanin sayen uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin kowa, ku girke a ofis da zuba bayananku a ma'ajiyar intanet, wato gajimare, ki ɗauki gajimaren. Na ɗanɗana duka biyun a ƙungiyarmu.

Uwar garken da muka taɓa saya, alherinta ɗaya ne da zan iya faɗa: ko intanet ta ɗauke kina buɗe fayil ɗinki. Sauran kuwa nadama ce. Wanda ya haɗa mana ita ya bar aiki, ta yi wata da watanni tana gurnani a lungu, ƙura ta toshe mata fanka, babu wanda ya san yadda ake sabunta manhajarta. Wannan sakaci ba na ƙanana kaɗai ba ne. A Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya, ICRC, ta sanar cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi da gudun hijira suka raba da danginsu. Ƙofar da suka bi wata ɓaraka ce a manhaja, wadda an riga an fitar da gyaranta amma ba a saka shi a kan lokaci ba. Idan mai ƙwararru birjik ya makara, ina ga mu da mutum ɗaya ke riƙe da kwamfuta da lissafin kuɗi da rubuta rahoto?

Ranar da na san darajar gajimare ita ce ranar da aka sace jakar wata jami'armu a hanyar dawowa daga aikin rajista. Ta kira ni muryarta na rawa. Ba kwamfutar ce ta dame ta ba, sunayen mata zawarawa da marayu da lambobin wayarsu ne, mutanen da suka ba mu amanar sirrinsu. Daga wayata na shiga shafin mai gudanarwa, na fitar da asusunta daga kowace na'ura, na canza kalmar sirri. Kwamfutar kanta dama a kulle take da BitLocker, manhajar Windows da ke hana baƙo karanta abin da ke ciki. Washegari ta ari wata ta shiga, ta tarar da jerin sunayen nan yadda ta bar shi, ko layi ɗaya bai ɓata ba. Har yau in na tuna ajiyar zuciyar da ta yi, sai na ƙara godiya ga Allah.

Ba wai gajimare ba a fasa shi ba ne. A 2020 an kwashe bayanai daga kamfanin Blackbaud, mai ajiye wa ƙungiyoyi da jami'o'i bayanan masu ba su gudummawa, har sai da ya biya kuɗin fansa. Shi ya sa duk abin da ba dole ba, kamar cutar mutum ko hoton katin shaidarsa, kada ma ku karɓa balle ku ajiye.

Sannan ki yi hattara da dillalan da ke tallar asusun Google Drive ko Microsoft 365 "na har abada" a araha. Galibi asusun wata makaranta ne ko wani kamfani suke yankowa suna sayarwa. Mai gudanar da shi yana iya leƙa fayilolinku, kuma ranar da aka rufe shi komai ya tafi. Haka duk wanda ya ce zai buɗe muku amma makullin gudanarwa zai zauna a hannunsa, ki sallame shi cikin mutunci.

Ki nemi asusun da kanki da takardar rajistar ƙungiyarku. Google Workspace da Microsoft 365 duka suna da tsarin kyauta ko rangwame ga ƙungiyoyin da aka tantance. Idan ma'aikatanki sun saba da Excel da Word, ɗauki Microsoft. In Gmail suka fi sabawa da shi, ɗauki Google. Kowa ya samu asusunsa da sunan ƙungiya, a ajiye fayiloli a ma'ajiyar haɗin gwiwa don kada mai barin aiki ya tafi da su, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu (bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa, misali da lambar da ta zo a waya) tun ranar farko, masu gudanarwa su zama mutum biyu. Duk ƙarshen wata kuma ki kwafi muhimman bayanai a faifai mai kalmar sirri, ki kulle shi a wani wuri daban da ofis.